Hannun Jarin Kamfanonin Fasaha Bayan Faɗuwa: Wanne Ke Farfaɗowa, Wanne Ke Tafiya Ke Nan?

Hannun jari wani ɗan kaso ne na mallakar kamfani wanda ake saye da sayarwa a kasuwa, kuma farashinsa yana hawa da sauka gwargwadon abin da masu saye suke tsammanin kamfanin zai samu a gaba. A cikin dukan kamfanonin da ake cinikin hannayen jarinsu a manyan kasuwannin duniya, da wuya a sami waɗanda farashinsu ke faɗuwa warwas kamar na fasaha, wato masu ƙera kwamfuta da wayar salula da ƙananan sassan da ke cikinsu, da masu rubuta manhaja, da waɗanda intanet ce kasuwarsu. Duk lokacin da irin wannan faɗuwa ta auku, akan sami masu kuɗi da ke ganin garaɓasa ce ta samu, tun da abin da aka saya dala 100 bara ga shi bana ana neman kai da shi a dala 20. Sai dai faɗuwar farashi ita kaɗai ba ta shaida wa mai saye komai game da abin da zai biyo baya, domin tarihin kasuwar Amurka yana da kamfanonin da suka zubar da kashi 90 cikin 100 na darajarsu sannan suka tashi suka ninka jarin masu su sau ɗaruruwa, kuma waɗanda suka faɗi haka nan ba su sake ɗagowa ba sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke gaban mai zuba jari shi ne ya gano abin da ya karye, ko farashin ne kurum, ko kuwa ita kanta sana'ar kamfanin ce.

Dalilin da ya sa waɗannan hannayen jari ke faɗuwa da ƙarfi yana da nasaba da lokacin da ake sa ran ribarsu. Kamfanin siminti ko na sukari yana cin ribarsa a bana, amma matashin kamfanin fasaha sau da yawa asara yake yi a yanzu, masu saye kuma suna biyan kuɗin ribar da ake fatan zuwanta nan da shekara goma. Darajar irin wannan riba ta dogara ne kan kuɗin ruwan da ake samu a wuraren da babu haɗari, kamar takardun lamunin gwamnati, waɗanda mutum ke ba gwamnati rance ta riƙa biyan sa wani kaso duk shekara. Idan kason nan 1 ne cikin 100, dala 100 da za a karɓa bayan shekara goma tana daidai da kusan dala 90 ta yau, amma idan ya kai 5 cikin 100, sai darajarta ta koma kimanin dala 61, ba tare da komai ya sauya a cikin kamfanin ba. Wannan ne ya faru lokacin da Babban Bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 a tsakiyar 2023, inda ma'aunin Nasdaq, wanda ke auna matsakaicin farashin kasuwar da kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ya faɗi da kimanin kashi 33 a shekarar 2022 kaɗai. Faɗuwar da ta fara a shekarar 2000 ta fi muni, domin daga maki 5,048 a ranar 10 ga Maris na 2000 ma'aunin ya gangaro zuwa 1,114 a watan Oktoba na 2002, kuma bai koma inda ya baro ba sai a 2015.

Akwai wani ɗan lissafi da mai sha'awar sayen abin da ya faɗi ya kamata ya riƙe tun kafin ya buɗe rahoton kowane kamfani. Hannun jarin da ya faɗi da rabi yana bukatar ya ninka kansa kafin ya koma matsayinsa, wanda kuwa ya faɗi da kashi 90 sai ya ninka sau goma. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, duk hannun jarin da ya faɗi da kashi 90 ya taɓa kasancewa wanda ya faɗi da kashi 80, kuma mutumin da ya saya a lokacin yana murnar ya yi tsintuwa ya sake rasa rabin kuɗinsa. Masana halayyar ɗan'adam, musamman Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna yadda zuciya ke maƙalewa ga lambar farko da ta gani tana auna komai da ita, shi ya sa tsohon farashi ke zama wa mutane kamar shi ne farashin gaskiya wanda dole a koma masa. Alhali tsohon farashin yana iya zama kuskuren jama'a ne a lokacin zazzaɓin kasuwa. Ɗan kasuwar hatsi da ke sayen gero da kaka ya ɓoye zuwa bazara yana da hujjar da mai sayen hannun jarin fasaha ba shi da ita, domin ya san mutane za su ci tuwo baɗi kamar yadda suka ci bana, kuma babu wani sabon hatsi da zai ɓullo cikin wata shida ya sa a daina neman gero.

Labarin Amazon shi ne wanda masu sayen faɗaɗɗen jari suka fi son bayarwa, kuma ya cancanci a dube shi da kyau, domin darasinsa ya sha bamban da yadda aka saba faɗa. Farashin hannun jarinsa ya sauko daga sama da dala 100 a ƙarshen 1999 zuwa kimanin dala 6 a watan Satumba na 2001, bayan kamfanin ya tafka asarar dala biliyan 1.4 a shekarar 2000. A watan Yuni na 2000, wani manazarci a bankin Lehman Brothers mai suna Ravi Suria ya fitar da rahoton da ya yi gargaɗin cewa kuɗin kamfanin na iya ƙarewa, kuma mutane masu hankali da yawa sun gaskata shi. Abin da ya tsare Amazon shi ne a watan Fabrairu na 2000, wata guda kacal kafin kasuwa ta kife, ya sayar wa masu jari a Turai takardun lamuni na dala miliyan 672, kuɗin da da an jinkirta neman su 'yan makonni da wuya a same su. Bayan haka tsarin cinikinsa ya taimaka masa, domin mai saye yana biya nan take, shi kuwa kamfanin sai bayan makonni yake biyan masu kawo masa kaya, ta yadda ƙaruwar ciniki ke ƙara masa tsabar kuɗi a hannu. Cinikin kuwa bai tsaya ba duk da rugujewar farashi, daga dala biliyan 1.6 a 1999 zuwa 2.8 a 2000 da 3.1 a 2001, kuma bayan ya sallami ma'aikata 1,300 ya rufe wasu rumbunan ajiya, ya ci ribarsa ta farko a watanni ukun ƙarshe na 2001, wadda ba ta wuce dala miliyan 5 ba. Duk da haka sai a 2009 farashin ya koma matsayinsa na 1999. Wanda ya saya a 2001 ya yi dace mai girma, amma adalci ne a ce wani ɓangare na dacen ya fito ne daga rancen da aka karɓa a kan gaɓa, wani kuma daga sana'ar hayar rumbunan kwamfuta da kamfanin ya fara a 2006, wadda babu mai saye a 2001 da ya san da zuwanta.

A daidai wannan lokaci Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet, wanda Amazon da kansa yana cikin manyan masu jarinsa, ya shiga kasuwa a watan Fabrairu na 2000 ya rufe a watan Nuwamba, saboda yana sayar da buhuna masu nauyi a ƙasa da abin da suke ci masa idan an haɗa da kuɗin kai su gida. Kowane sabon mai saye ƙarin asara ne a gare shi, kuma da masu ba da jari suka janye hannu sai aka ga maci tuwo bayan miya ta ƙare.

Cisco ya fi duka biyun koyar da abin da mutane ba su son ji, wato kamfani na iya zama lafiyayye, mai riba, mai ci gaba, amma mai hannun jarinsa ya tsufa yana jira. Shi ne babban mai ƙera na'urorin da ke sarrafa zirga-zirgar bayanai a intanet, kuma a watan Maris na 2000 ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci, darajarsa ta haura dala biliyan 500, hannun jari ɗaya yana kusan dala 80. Akwai ma'aunin da dillalai ke amfani da shi wajen gane tsada, wanda shi ne a raba farashin hannun jari da ribar da ta faɗo masa a shekara, abin da ya fito kuma shi ne adadin shekarun da riba irin ta bana za ta ɗauka kafin ta mayar wa mai saye kuɗinsa. A yawancin tarihin kasuwar Amurka wannan adadi yana kai-komo ne tsakanin 15 da 20, amma na Cisco ya zarce 100. Da kamfanonin sadarwa suka rage sayayya a 2001, sai farashin ya rushe har ya sauka ƙasa da dala 10 a 2002. Cinikin kamfanin ya ci gaba da girma daga kusan dala biliyan 19 a 2000 zuwa sama da biliyan 50, amma shekara 20 suka shuɗe har da ɗoriya farashin bai koma dala 80 ba. Wanda ya saya a dala 40 yana ganin rabin kuɗi ne ya sake rasa kashi uku cikin huɗu, wanda kuwa ya saya a dala 10 ya ci riba mai kyau tun kafin farashin ya je ko kusa da tsohon matsayinsa. Saboda haka tambayar ko kamfani zai farfaɗo daban take da tambayar ko farashin yau ya dace da abin da kamfanin zai iya samu.

Mafi haɗari a cikin faɗaɗɗun hannayen jari su ne na kamfanonin da fasaharsu ta fara tsufa alhali littattafan kuɗinsu ba su nuna ba tukuna. Duk wanda ya riƙe waya a ƙasar Hausa a farkon zuwan salula ya san Nokia, musamman 3310 da kuma 1100 mai tocila, waɗanda batirinsu ke kwanaki bai mutu ba. A 2007 wannan kamfani na ƙasar Finland yana riƙe da kusan kashi 40 na kasuwar wayoyin duniya, ya kuma ci ribar sama da yuro biliyan 7, a shekarar da Apple ya fito da iPhone, sannan Android ta biyo baya a 2008. Da farashinsa ya fara sauka daga kimanin yuro 28, duk wanda ya auna shi da ribar baya sai ya ga araha, ga kuma rabon riba da ake yi wa masu hannun jari duk shekara. Amma ribar baya ta wayoyi ce masu maɓalli, kasuwa kuwa ta koma wayar da manhajoji ne ke sayar da ita, karen bana shi ke maganin zomon bana. A tsakiyar 2012 farashin ya faɗi ƙasa da yuro 2, a 2013 kuma aka amince a sayar wa Microsoft sashen wayoyin a kan yuro biliyan 5.44. Lamarin BlackBerry ya ma fi ruɗarwa, domin farashinsa ya kai ƙololuwa a 2008, amma cinikinsa ya ci gaba da hawa har ya kusa dala biliyan 20 a 2011, saboda ƙasashe irin su Nijeriya da Indonesiya da Afirka ta Kudu sun rungumi wayar don saƙonnin BBM a daidai lokacin da Amurkawa ke ajiye ta. Wanda ya dubi jimillar ciniki kawai zai ce ai wannan wani Amazon ne, sai wanda ya rarrabe alƙaluman ƙasa-ƙasa zai ga cewa kasuwar da ke fara karɓar sabon abu ta riga ta juya baya.

Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ba da misalin akasin haka a 2022. Farashinsa ya gangaro daga kimanin dala 380 a watan Satumba na 2021 zuwa kimanin dala 90 a watan Nuwamba na 2022, kuma dalilan tsoron na gaske ne: TikTok yana janye matasa, sauyin da Apple ya yi wajen hana manhajoji bin diddigin masu iPhone ya ci wa kamfanin kimanin dala biliyan 10 ta bakin shugabanninsa, sashen da ke gina duniyar kwamfuta da ake shiga ta tabarau ta shugaban kamfanin Mark Zuckerberg kuma ya yi asarar dala biliyan 13.7 a shekara ɗaya. Amma da aka dubi gindin sana'ar, cinikin 2022 ya kai dala biliyan 116.6, wato raguwar kusan kashi 1 kacal, ribar ta haura dala biliyan 23, kuma masu buɗe Facebook kullum sun kai biliyan 2 a ƙarshen shekarar. Mutane ba su gudu ba, masu talla ba su gudu ba, kuma babban ciwon kashe kuɗi ne wanda shugabanni ke da ikon ragewa da hannunsu, abin da suka yi ta hanyar sallamar ma'aikata 11,000 a watan Nuwamba da wasu 10,000 a watan Maris na 2023, wanda ga iyalan da abin ya shafa ba ƙaramar masifa ba ce ko da kasuwa ta yi tafi. Farashin ya kusa ninka kansa sau uku a 2023. Zoom kuwa, mai manhajar taro ta bidiyo, wanda farashinsa ya haura dala 500 a lokacin kullen korona na 2020, yana nan da riba da ciniki sama da dala biliyan 4, amma haɓakar da aka biya wancan farashi dominta ta tsaya da mutane suka koma ofis, Microsoft kuma ya riƙa haɗa wa kamfanoni manhajarsa ta taro cikin abin da suka riga suka biya.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa a aikace shi ne rahoton kuɗin kamfani ya fi jadawalin farashinsa amfani, kuma a cikin rahoton babu shafin da ya kai na shige da ficen tsabar kuɗi muhimmanci, domin riba ana iya ƙawata ta da dabarun akanta, kamar yadda WorldCom ya yi da kimanin dala biliyan 11 kafin ya durƙushe a 2002, amma kuɗin da ke asusu ya fi wuyar ƙirƙira. Idan aka raba abin da kamfani ke da shi a hannu da abin da yake ƙonawa duk wata uku, za a san tsawon numfashinsa, sannan a duba ranar da basussukansa za su nuna, domin bashin da zai nuna baɗi a lokacin tsadar kuɗin ruwa ya fi wanda ya ninka shi girma amma sai bayan shekara takwas haɗari. Kamfanin da numfashinsa ya gajarta yakan buga sababbin hannayen jari ya sayar a farashi mai rahusa, abin da ke tsarma kason tsofaffin masu jari kamar yadda ruwa ke tsarma nono, ta yadda ko kamfanin ya tsira, rabon kowane hannun jari ya riga ya ƙanƙance.

Binciken masana bai ba mai sayen faɗaɗɗen jari cikakken goyon baya ba, bai kuma ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Werner De Bondt da Richard Thaler sun nuna a 1985 cewa tarin hannayen jarin da suka fi faɗuwa cikin shekara uku zuwa biyar sukan fi waɗanda suka fi hawa kawo riba a shekarun da suka biyo, amma Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman sun nuna a 1993 cewa a cikin wata uku zuwa shekara guda, mai faɗuwa yakan ci gaba da faɗuwa. Dukansu kuwa suna magana ne kan kwando mai ɗauke da kamfanoni da yawa, wanda sakamakonsa ba ya tabbata ga mai zaɓen kamfani ɗaya. Hendrik Bessembinder na Jami'ar Jihar Arizona ya gano cewa daga 1926 zuwa 2016 kimanin kashi 4 na kamfanoni ne suka samar da dukan arzikin da kasuwar Amurka ta ƙara a kan abin da takardun lamunin gwamnati na gajeren zango ke bayarwa, fiye da rabi kuma ba su ko kamo waɗannan takardu ba. Ko gwanaye ma lamarin yana kayar da su, domin Bill Ackman ya zuba sama da dala biliyan 1 a Netflix a watan Janairu na 2022 bayan faɗuwarsa ta farko, ya sayar a watan Afrilu da asarar kimanin dala miliyan 400 lokacin da kamfanin ya sanar da rasa masu biyan kuɗi 200,000, sai ga shi a 2024 farashin ya zarce tsohon matsayinsa.

Wannan magana ta shafi masu karatu a Nijeriya kai-tsaye tun da manhajoji irin su Bamboo da Chaka da Trove suka ba mutum damar sayen ɓangaren hannun jarin Amurka daga wayarsa. Jumia, kamfanin ciniki ta intanet wanda aka kafa a Legas a 2012, ya shiga kasuwar New York a watan Afrilu na 2019 a kan dala 14.50, ya faɗi zuwa kusan dala 2 a watan Maris na 2020, ya haura dala 60 a farkon 2021, ya sake komawa ƙasa da dala 3 a 2023, kuma abin da ya raya shi a tsakani shi ne ya yi amfani da hawan nan ya sayar da sababbin hannayen jari na sama da dala miliyan 500. Mai saye da naira yana ɗauke da haɗari na biyu, wato canjin kuɗi, wanda ya yi wa masu riƙe da dala daɗi lokacin da dala ta tashi daga kimanin naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, amma yana iya juyawa ya cinye ribar wanda ya canza kuɗinsa a tsadar dala. Sayen faɗaɗɗen jari da kuɗin bashi kuwa ganganci ne da Nijeriya ta riga ta ɗanɗana, domin ma'aunin kasuwar Legas ya faɗi daga kimanin maki 66,000 a watan Maris na 2008 zuwa kusan 20,000 cikin shekara guda, ya tafi da 'yan fansho da 'yan kasuwar da bankuna suka ba rance don sayen hannun jari, waɗanda aka tilasta musu sayarwa a lokacin da farashi ya fi ƙasƙanci.

Ga Musulmin da ke kiyaye ƙa'idojin shari'a a jarinsa akwai wani ƙarin lamari da faɗuwar farashi ke haifarwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ta shardanta cewa bashi mai ruwa da ke kan kamfani kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin shigar da ya fito ta haramtacciyar hanya kuma kada ya wuce kashi 5. Tun da darajar kasuwa ake aunawa da ita, kamfanin da bashinsa yake kashi 10 na darajarsa yana tsallake iyaka da zarar farashinsa ya faɗi da kashi 70, ko da bai ƙara cin bashin dala ɗaya ba, shi ya sa wasu masu tantancewa irin su Dow Jones suke amfani da matsakaicin daraja ta wata 24 domin kada girgizar mako guda ta riƙa shigar da kamfani tana fitar da shi daga jerin halattattu.